Hakka da Filogi: Yadda Nake Tarbar Hunturun Winnipeg

Ƙaras-ƙaras-ƙaras. Duk wanda ya taɓa ɗaura wa motarsa taya mai ƙusoshi ya san wannan sauti, kuma na tabbata yanzu haka murmushi yake yi. Shi ne ƙarar da ƙananan haƙoran ƙarfe ke yi a kan busasshiyar kwalta ranar farko da ka fito daga wurin masu taya a watan Oktoba, tun dusar ƙanƙara ba ta sauka ba, kamar mutum huɗu sun zauna suna taunar aya. Ni in na ji shi sai in kashe rediyo, in sauke gilashi, in rage gudu don kada ko ɗaya ya wuce ni. Uwargida ta ce surutu ne. Ni kiɗa nake ji.

'Yan'uwana masu son mota, shekarata tara a Winnipeg, babban birnin lardin Manitoba na ƙasar Kanada, garin da masu shi da kansu suke yi wa kirari da Winterpeg saboda tsananin sanyinsa. A watan Janairu digiri 30 ƙasa da sifili ba abin labari ba ne, kuma a littafin tarihin garin akwai ranar da ma'auni ya kai 47.8 ƙasa da sifili, cikin Disambar 1879. A irin wannan wuri shirin hunturu hidima ce ta shekara-shekara, mai tsari da lokaci, kamar shirin Sallah. Akwai masu yin ta suna tsaki. Ni da zumuɗi nake yin ta, kuma kullum daga ƙafar mota nake farawa, daga abar ƙaunata, tayar Nokian Hakkapeliitta.

Mu masoyanta Hakka kawai muke ce mata. Da Bahaushe aka ba wuƙa da nama ya raɗa mata suna, ba zai wuce nan ba, don aikinta ke nan, haƙa. Asalin sunan kuwa na mayaƙa ne, mahayan dawakin Finland da suka yi fice a yaƙin shekara talatin na Turai, tsakanin 1618 da 1648, waɗanda aka sa wa suna daga kirarin da suke yi in za su afka wa abokan gaba. Kamfanin Nokian ya fito da tayar hunturu ta farko a duniya a 1934, don manyan motoci, sannan a 1936 aka haifi Hakkapeliitta don ƙananan motoci. Ga abin da ke ƙara mini daɗi: garin da ake ƙera ta sunansa Nokia. E, Nokiar da kuka sani. Kamfanin tayar da kamfanin wayar nan mai tocila, wadda za ta faɗo daga kan babur ta tarwatse ka harhaɗa ta ta ci gaba da aiki, gida ɗaya suka fito, sai a 1988 aka ware ɓangaren taya ya zama kamfani mai cin gashin kansa. To wanda ya san ƙarkon waccan waya, me zai tambaya kuma?

Suna da filin gwaji a Ivalo, can ƙuryar arewacin Finland, sama da hekta 700 na dusar ƙanƙara da daskararren tafki da hawa da gangara, suna kiransa Farar Jahannama, inda direbobi ba su da aiki duk tsawon hunturu sai taka birki da juya sitiyari a kan santsi. Wannan aiki ne ko gata? A watan Maris na 2013 direbansu Janne Laitinen ya hau Audi RS6 sanye da Hakkapeliitta 8, ya bi ta kan daskararren teku kusa da Oulu da gudun kilomita 335.7 a awa. A kan ƙanƙara fa, jama'a! Na kalli hoton bidiyon nan ya fi a ƙirga, kuma har gobe tsigar jikina tashi take yi.

Tawa Hakkapeliitta 10 ce, mai ƙusoshi, kuma in na sauko da su daga inda na jera su a gareji sai na tsuguna na ƙare musu kallo kafin a ɗaura. Baƙa ce wuluk, mai laushi, mai zurfin zane, mai kyan ƙira, jikinta duk tsaga-tsaga sirara kamar zanen kan ƙwarya, ga ƙusoshi a jere suna ƙyalli, na tsakiya daban na gefe daban, don na tsakiyar su riƙe ka wajen tashi da tsayawa, na gefen kuma su riƙe ka a kwana. Kyakkyawa!

Sirrin yana cikin robar. Tayar da ake kira ta kowane yanayi, wato ol-sizin, da zarar ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 7 sai ta fara ƙandarewa, in aka kai 25 ƙasa da sifili ta zama kamar busasshen ƙirgi, tana shawagi a kan titi ba ta kama komai. Hakka kuwa an cuɗa robarta da silika har da man kanola, irin wanda ake nomawa a gonakin Manitoba, shi ya sa ko a tsakiyar Janairu ka danna ta da babban yatsa sai ta lotsa. Tsaga-tsagan nan kuma su ne ke buɗewa in taya ta taka ƙasa, su share ɗan siririn ruwan da ke kwance a saman ƙanƙara, wanda shi ne ainihin santsin, su ba roba da ƙusa damar cizo. Shi ya sa ranakun da suka fi haɗari su ne na kusa da sifili, lokacin da ƙanƙarar ke zufa. Ku duba gefen tayarku: in babu hoton dutse mai kai uku da furen ƙanƙara a cikinsa, to ba ta ci jarrabawar hunturu ba, komai daɗin bakin mai sayarwa.

Bari in ba ku labarin ranar da na miƙa mata wuya. Wata Asabar ce a watan Nuwamba, na ɗauko yara daga Islamiyya a babban masallacin da ke titin Waverley, rana ta faɗi tun wajen ƙarfe biyar saura, an yi yayyafi da rana sannan sanyi ya sauko a kansa. Mun hau Pembina, titi baƙi ƙirin kamar an wanke shi, ba ka ganin komai sai ɗan sheƙi in fitila ta haska. Baƙar ƙanƙara ke nan, maƙetaciya. Danja ta nuna ja, motar da ke layin damana, ƙatuwar jif mai jan ƙafa huɗu, ta taka birki, sai na ga fitilunta na baya sun yi ja amma ita tana ta tafiya abinta, a hankali, a karkace, har ta tsallaka layin masu tafiya a ƙasa ta tsaya a tsakiyar mararraba. Allah ya kiyaye, babu mai zuwa. Ni kuwa na taka, feda ta ɗan yi rawa a ƙarƙashin ƙafata sau biyu, na ji ƙurrr a ƙasa kamar damisa ta kafa farce a bishiya, muka tsaya cak, da sauran tazarar mota guda a gabana. Ƙaramar 'yata da ke baya ko ɗago kai ba ta yi ba daga littafinta. Babban ne ya ce, "Abba, me ya sami waccan motar?" Na ce masa ƙafa huɗu na taimakon tashi, tsayawa kuwa aikin taya ne. Da muka isa gida sai da na zagaya na shafa kowacce.

Akwai wani ɗan ƙaramin abu da nake mutuwar so a jikinta. A tsakiyar zanen an rubuta lambobi, 8, 6, 4, da ɗan hoton furen ƙanƙara. Lambar da ta fi girma cikin waɗanda ake iya gani ita ce milimitar zanen da ya rage maka, suna gogewa ɗaya bayan ɗaya yadda tayar ke cinyewa, kuma ranar da furen ya ɓace, ta gaya maka da bakinta cewa aikinta na hunturu ya ƙare. Babu awo, babu gardama da makanike. Wanda ya yi wannan tunani Allah ya ƙara masa basira.

Na san masoya tayar Blizzak ta Bridgestone suna can suna gyara zama. Ku yi haƙuri, ban raina ku ba. Bridgestone ta yi abin a yaba tun 1988 da robar nan tata mai ƙananan ramuka kamar soso, kuma Michelin X-Ice akwai ƙarko da shiru. Wanda yake zaune a kudancin Ontario, inda doka ta hana ƙusoshi, ya ɗauki ɗaya daga cikinsu ko Hakkapeliitta R5 marar ƙusa, zai ji daɗi. Amma mu nan Manitoba an yarje mana ƙusa daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Afrilu, kuma a kan titin da ya daskare ya goge ya zama madubi, ni dai ban ga abin da ya kama ƙafar ƙarfe ba. Ina nan kan bakana.

Ƙorafi? Akwai, amma ba a kanta ba. Tayar hunturu ta kirki duk inda take akwai tsada, ga kuɗin wili na daban in kana son sauƙin canji, ko da yake hukumar inshorar motoci ta lardin tana ba da rance don sayen su. Babban abin haushina shi ne layi. A Quebec doka ce, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris dole motarka ta sa tayar hunturu, mu kuwa an bar wa kowa zaɓinsa, sai jama'a su yi ta jan ƙafa har ranar da dusar farko ta sauka, sannan gari gaba ɗaya ya tuna da masu taya a safiya ɗaya. Wata shekara wani shago, saboda gaggawa, ya ɗaura mini biyu a juye, kibiyar da ke nuna inda za su riƙa juyawa tana kallon baya. Tun daga nan a Satumba nake kama layi, kuma ba na barin wurin sai na duba kibiya huɗu da idona. Bayan kilomita 100 in koma a sake ɗaure notuna, kilomita 500 na farko kuma in lallaɓa, ba fizga ba birkin gaggawa, don ƙusoshin su zauna daram. Gejin auna iska kuma yana aljihun ƙofa, don duk saukar digiri 6 iskar taya na raguwa da kusan awo ɗaya.

Af, kafin in manta. Da na je gida bara na tsaya wurin wani mai faci, sai ga tulin tayoyin Beljiyam, kusan rabinsu da hoton dutse da furen ƙanƙara a gefe. Don Allah 'yan'uwa na gida, ku bar su. Robar da aka yi don ta yi laushi a sanyi, in ta hau kwaltar Kano zuwa Maiduguri a watan Afrilu narkewa take yi kamar alewa, ta cinye da wuri, birkinta ya yi tsawo. Sarauniya ce, amma a ƙasarta.

Sai masoyina na biyu, ɗan filogin nan da ke leƙowa ta hancin kowace mota a garin nan kamar harshen ɗan akuya. Farkon zuwana na ɗauka duk motocin lantarki ne. Wani dattijo ɗan Zariya da ya riga ni zuwa da shekaru ashirin ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wannan bulok-hita ce, in ba ka jona ta ba ranar sanyi sai dai ka tafi aiki a ƙafa." Na ce, "Baba, a koya mini." Ashe 'yar'uwar hitar dafa ruwa ce da muka yi zaman makarantar kwana da ita, ɗan ƙarfe mai zafi da aka cusa a jikin inji yana ɗumama ruwan da ke zagaya shi. Wani injiniya a North Dakota, maƙwabtanmu na kudu, mai suna Andrew Freeman, shi ya ƙirƙiro ta, ya sami takardar mallakar fasahar a 1949. Abu ƙarami, marar hayaniya, marar tsada, marar fitina, ba ya neman komai a wurinka sai soket, amma shi ke raba safiyar daɗi da safiyar baƙin ciki. Jarumi!

Kun san yadda man gyaɗa ke yin barci a kwalba lokacin hunturun gida, sai an ajiye shi kusa da murhu? Haka baƙin mai ke yi a cikin inji, sai dai nan barcin ya fi nauyi. Shi ya sa nake zuba sintetik 0W-20, wanda ko a tsananin sanyi yana gudu, kuma da ma'auni ya wuce 15 ƙasa da sifili nake jona filogi. Ba sai ya kwana yana cin wuta ba, awa huɗu ta isa, don haka na sa masa taima ta kunna shi ƙarfe biyu na dare. Wuraren ajiye motoci na ma'aikatu da gidajen haya duk da sandunan soket a jere, kowace mota da turkenta kamar dawaki a barga. Dabarar da Baba ya koya mini: ka rataya wayar a kan madubin gefen direba, yadda ba za ka iya buɗe ƙofa ba tare da ka gan ta ba. Wanda bai yi haka ba, wata rana zai ja waya mita goma a bayansa har bakin titi.

Batir ma sai an auna shi tun Oktoba. Lambar CCA da ke jikinsa tana nuna ƙarfin da zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a digiri 18 ƙasa da sifili, kuma wanda cajinsa ya yi ƙasa yana iya daskarewa ya tsage. Ruwan lagireto rabi da rabi da maganin daskarewa yana jure har wajen 37 ƙasa da sifili, mu nan mukan ɗan ƙara maganin. Ruwan waifa kuma sai mai lamba 40 ko 45, in ba haka ba ka fesa shi ya zama labule a gilashinka kana tsakiyar gudu. Tanki kada ya sauka ƙasa da rabi. A but akwai shebur, bargo, wayar jan wuta, tocila, kyandir da gwangwani da ashana, da ledar dabino. Gishirin hanya ne kawai ban yafe wa ba, mai cin ƙarfe kamar gara, shi ya sa kowace kaka sai an fesa wa cikin motata mai.

Mu shiga gida. Nan ma ina da abin ƙauna, kuma kuɗinsa bai kai na cefanen yini ɗaya ba: ledar taga. Da farko nakan kunna turaren tsinke in bi tagogi da ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ina kallon hayaƙin. Inda ya miƙe sama, lafiya lau. Inda ya karkata ya fara rawa, to ɓarauniyar iska ta sami ƙofa. Sai in manna salatif mai fuska biyu a kewayen katakon tagar, in shimfiɗa ledar a kai, duk ta yi tamoji-tamoji kamar rigar da ba a goge ba, sannan in ari handirayar uwargida. Nan ne daɗin yake. Kana bin ta da iska mai zafi tana tsukewa, tana miƙewa, tamojin na gudu gefe yana ɓacewa, har ta ɗaure tamau kamar fatar kalangu, ta yi garau ka rasa ma akwai ta. Yara sukan yi layi kowa na son ya riƙe handirayar. In ka ɗan ƙyasta ta da yatsa har amo take yi. Iskar da aka kulle tsakanin leda da gilashi ita ce bargon, kuma a daren nan za ka ji falon ya canja.

Famfon waje kuwa ba a wasa da shi. A cire tiyo, a rufe makunnin da ke ɗakin ƙasa, a buɗe na wajen ya tsiyaye tas, domin ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, kuma babu bututun da ke jure wannan. Maƙwabtana har yau suna ba da labarin hunturun 2013 zuwa 2014, lokacin da sanyi ya nutsa cikin ƙasa fiye da yadda aka saba, bututun ruwan gidaje sama da 2,000 suka daskare, wasu har watan Mayu suna jan ruwa da tiyo daga gidan maƙwabci. Indararo ma a kwashe ganyen da ya cika shi, don kada ruwan da ya narke daga rufi ya taru ya daskare ya koma cikin silin.

Fanes, wato murhun gas da ke ɗakin ƙasa yana hura ɗumi ko'ina, shi ne zuciyar gidan, kuma abincinsa sabuwar filta duk wata biyu ko uku. Ina son lokacin da na zaro tsohuwar, toka-toka da ƙura, na zura sabuwa fara sol, na ji numfashin gidan ya sake. Bayan kowace guguwa nakan zagaya in share bakin bututunsa da ke jikin bango, kada dusar ƙanƙara ta toshe shi. A nan kam ba na wasa ko kaɗan, saboda kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi. Ita ce dai wadda ke ɗauke mana mutane a gida in an kwana da kaskon garwashi a rufaffen ɗaki, ko an shigo da janareta cikin zaure. Kowane hawa na gidana da na'urarsa mai ƙara, kuma ranar da na ɗaura tayoyi ranar nake danna maɓallin gwajinsu. Haka in mota ta maƙale a dusar ƙanƙara, a fara tone bakin salansa kafin a zauna ciki da inji a kunne. Bushewar iska kuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu, faso da kaushi da tsagewar leɓe duk mun san su, kuma kwalbar man kaɗanya da Hajiyarmu ke aiko mini ta fi duk wani mai da na gani a kantunan nan.

Shekaranjiya na tashi Asuba ma'auni na nuna 34 ƙasa da sifili. Falo ɗumi, tagogi garau, babu ko ɗigon raɓa. Na fito, gashin hancina ya daskare a numfashin farko, dusar ƙanƙara na kuka ƙiii-ƙiii a ƙarƙashin takalmina, hayaƙin gidajen unguwa duk ya miƙe sama sambal kamar ginshiƙai. Na zare filogi, na naɗe wayar da ta sandare kamar sanda, na zauna na yi bismillah na murɗa makulli. Bugu ɗaya ta tashi, da murya mai laushi kamar a watan Yuli. Kafin in kai ƙarshen layinmu hita ta fara busa ɗumi a ƙafata. A kwanar da ke fita babban titi, inda tayoyin unguwa suka goge ƙanƙarar ta zama gilashi, na juya sitiyari, na ji ƙusoshin gefe sun kafa haƙoransu, motar ta bi kwanar kamar an ja ta da zare. Na tsaya ƙofar gidan Baba na yi masa hon sau ɗaya, ya fito naɗe da rawani har hanci, ya shiga ya ce, "Ɗana, ka jona ta jiya ke nan." Muka kama hanyar Waverley, ƙaras-ƙaras-ƙaras, da sauran minti goma sha biyu a tayar da salla.